Kurakuran da sabbin 'yan wasa ke yi a Zelda: Phantom Hourglass da yadda za a gyara su

Duk wanda ya ɗauki Nintendo DS, na'urar gem ta hannu mai sikirin biyu, ya kunna Phantom Hourglass karon farko, abin da yake fara yi shi ne laluben botin ɗin tafiya, kuma daga nan matsalar take farawa. Gem ɗin nan da Nintendo suka fitar a 2007 kusan komai nasa da ɗan biron DS ake yi, tafiya ne ko sara da takobi ko tuƙa jirgin ruwan Linebeck, matuƙin da ke kai ka tsibirai. Yawancin masu cewa gem ɗin ya musu wuya wallahi biron ne ba su saba da shi ba, sauran kuma garaje ne kawai.

Mu fara da tafiyar kanta. Mutane sai su dinga dangwala sikirin suna caccakarsa kamar masu jin haushi, alhali ɗora biron kawai za ka yi ka bar shi a wurin, Link, jarumin da kake wasa da shi, zai bi inda yake. In biron yana kusa da shi sai ya taka a hankali, in ka yi nesa da shi sai ya ruga da gudu, kuma wannan bambancin shi ne zai cece ka a bakin rami da kuma wuraren da ƙasan ke ƙara in an yi gudu a kai. Wajen faɗa ma haka, ka taɓa dodon sau ɗaya Link zai kai masa sara da kansa, in sun yi maka rubdugu ka zana da'ira kewaye da shi ya juya da takobin. In ka ga biron yana sauka wani wuri daban da inda ka taɓa, kar ka ƙara danna shi da ƙarfi don Allah, sikirin ɗin za ka lalata, ka je saitin DS ɗin ka daidaita shi. Bahago kuma ya zaɓi hannun hagu tun farko, akwai zaɓin.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ƙin yin rubutu a taswira. An ba ka damar sauko da taswirar zuwa sikirin ɗin ƙasa ka rubuta duk abin da kake so a kai, amma sai mutum ya karanta allon dutse da ke gaya masa jerin da zai ja sanduna ko hanyar da zai bi, ya ce ai zan tuna, ya wuce ɗaki biyu ya yi faɗa da dodanni ya dawo babu komai a kansa. Rubuta lambobin nan take a daidai wurin. Akwatin da ka hango ba ka iya kai wa gare shi ba, sa masa alama. Bangon da ya tsage kuma ba ka da bam tukuna, sa masa alama. Gem ɗin an gina shi ne a kan cewa za ka dawo wurare da sabbin kayan aiki, wanda bai rubuta ba kuwa sai ya sake neman komai daga farko.

Sai haikalin Ocean King da ke tsibirin Mercay, inda da yawa suke ajiye gem ɗin gaba ɗaya. Na fahimci haushin, don sau da yawa ake dawo da kai ciki. Amma dubi abin da mutane ke yi: suna ganin lokaci yana tafiya sai su kama gudu ido rufe, su faɗa hannun masu gadin nan Phantom, a sare su a rage musu daƙiƙa 30 a mayar da su farkon hawan. Agogon yashin da ke ƙirga lokacin da aka ba ka a cikin haikalin yana farawa da minti 10, kuma ba ya tafiya muddin kana tsaye a wuraren nan masu launin shunayya, masu gadin ma ba sa ganinka a ciki. To me ya sa ba za ka tsaya a nan ka kalli sikirin ɗin sama ba, ka ga inda kowane mai gadi yake zagayawa da inda ya juya fuska, ka tsara hanyarka sannan ka fita? Tunanin da ka yi a wurin kyauta ne. Kar kuma ka ɓata lokaci kana saransu da takobinka na farko, ba ya kashe su, sai can gaba in ka samu takobin Phantom. Tukwane masu ruwan zinare suna ƙara lokaci, jajayen kuma in ka fasa su suna yi maka ɗan wurin fakewa, saboda haka ka ɗauki ja ka tafi da ita inda ka san za ka matsu maimakon ka fasa ta inda ka same ta.

Wani abu kuma, duk dawowar da za ka yi kana da kayan da ba ka da su a baya, bam ko baka ko ƙugiyar igiya, kuma an sa gajerun hanyoyi da gangan saboda su. Masu bin tsohuwar hanya kullum su ne ke isa ƙasa lokaci ya kusa ƙarewa. Bayan hawa na shida akwai wurin da yake ajiye maka lokacin da ka isa da shi, in ka isa da ɗan kaɗan to gara ka fita ka sake zuwa da sauri, zai yi maka amfani har ƙarshe.

A teku kuma mutane suna zana wa jirgi hanya su ajiye biro suna kallo, sai a yi ta harbinsu. Ka riƙe biron a hannu, da shi ake harba igwa. Kwaɗin zinaren nan da ke tsalle a ruwa, in ka samu allon da ake zana alamominsu ka harbe su za su ba ka alamar da in ka zana ta a allon za ta kai jirginka wurin nan take, ita ma ka rubuta ta a taswira.

Kar a manta DS ɗin kansa yana cikin wasan. Akwai wutar da sai ka hura iska a makirfo za ta mutu, akwai dodo mai manyan kunnuwa da ihu ke rikita shi. Sannan wurin da ya fi tsayar da mutane, inda aka ce ka haɗa tambarin da ke sikirin ɗin sama da taswirarka da ke ƙasa, an yi ta goga biro ba sakamako, alhali rufe DS ɗin kawai za ka yi ka buɗe, tambarin zai hau taswirar. Mai amfani da 2DS na farko wanda ba ya naɗewa sai ya tura makunnin barci da ke ƙasansa ya dawo da shi.