Yadda Ake Mayar da Tsohon Firam na Hoto Kayan Adon Kaka da na Halloween

A Amurka da Ingila, da zarar watan Satumba ya kama, shaguna kan cika da kayan adon kaka, wato lokacin zubar ganye, da na bikin Halloween da ake yi a daren 31 ga Oktoba, kuma akasarinsu roba ce wadda ake saye da tsada, a yi makonni kaɗan da ita, sannan ta ƙare a bola. Wanda ba ya son asarar kuɗinsa yana iya samun abin da ya fi waɗannan kyau daga tsohon firam na hoto, muddin ya tsara aikin yadda firam guda zai yi masa hidima tun daga farkon zubar ganye har zuwa bikin Thanksgiving, wanda Amurkawa ke yi a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Dabarar ita ce kada a manne komai a jikin katakon. Abin da ke bayan gilashi kaɗai ake sauyawa.

Shagunan gwanjo irin na Goodwill da Salvation Army a Amurka, ko na Oxfam a Ingila, ba sa rabuwa da tsofaffin firam masu araha. Kada ka damu da hoton da ke ciki, domin cire shi za ka yi. Ka duba kusurwoyi huɗun ko sun saki, kuma ka fifita na katako mai sassaƙa a kan na roba mai santsi, saboda sassaƙar ce ke riƙe fenti har ta fito da kamannin tsufa. Idan kusurwa ta buɗe, gam na kafintoci da ɗaurin igiya na kwana ɗaya sun isa su mayar da ita.

Akwai abin kiyayewa kafin ka sa samfefa. Sai a shekarar 1978 Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje, don haka firam da aka fente kafin lokacin yana iya ɗauke da ita, kuma ƙurarsa guba ce, musamman ga yara ƙanana. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Idan firam ɗin ya tsufa sosai kuma fentinsa yana ɓarewa, goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kawai, ka shafa sabon fenti a kai ba tare da kankara ba.

Launin da ya fi dacewa da lokutan biyu shi ne baƙi marar ƙyalli a kan ruwan ƙasa. Ka fara shafa ruwan ƙasar, idan ya bushe ka goga kyandir a gefuna da kan tudun sassaƙar, sannan ka bi da baƙin. Duk inda kakin ya taɓa, baƙin ba zai kama ba, kuma da ka murza da tsumma sai launin ƙasan ya leƙo kamar firam ɗin ya shekara ɗari a rataye.

Adon kaka ganye ne ginshiƙinsa, kuma kyauta yake a gindin bishiya. Ganyen mapul da na oak sukan rine ne saboda idan rana ta gajarta, sinadarin da ke ba su launin kore yakan ruguje, sai rawayan da yake ɓoye tun farko ya bayyana, wasu kuma su haɗa ja. Ka tsinto waɗanda ba su jima da faɗuwa ba, masu sauran laushi, ka shimfiɗa su tsakanin takardun jarida, ka danne da manyan littattafai na mako ɗaya zuwa biyu, kana sauya jaridar idan ta yi damshi. Gaggawa a nan ita ce ke ɓata aiki. Na taɓa rufe ɗanyen ganye a bayan gilashi don ina ɗokin ganin sa a bango, kafin mako ya zagayo sai ga fumfuna ta yi masa fari fat, gilashin kuma yana gumi daga ciki. Wanda yake son ganyen ya zauna da laushinsa sai ya jiƙa shi na 'yan kwanaki a cikin giliserin kashi ɗaya da ruwa kashi biyu, ko da yake launin yakan ɗan yi duhu. Bayan haka ka yanka kwali daidai da faɗin firam ɗin, ka lulluɓe shi da ƙyallen buhu irin na rama, ka ɗora ganye uku ko biyar da ɗigon gam. A ganina, babban ganye guda a tsakiya ya fi tarin ƙanana kwarjini.

Shi kuwa Halloween, asalinsa yana komawa ga bikin Samhain na mutanen Ailan da Sukotilan na dā, wanda ke nuna ƙarshen girbi da shigowar hunturu, kuma baƙin da suka yi ƙaura daga can a ƙarni na 19 ne suka kai shi Amurka, inda kabewa ta maye gurbin rawar da wani nau'in saiwa ke takawa a matsayin fitila. Musulmi da dama da ke zaune a waɗannan ƙasashe ba sa yin bikin, kuma wanda ya tsaya a kan ganye bai rasa komai ba. Ga mai buƙata kuwa, sai ya yanka kwali na biyu, ya jiƙa farar takarda da ruwan shayi mai kauri, ya bar ta ta bushe ta yi ja-ja-ja kamar tsohuwar wasiƙa, sannan ya yanko siffar jemage ko mujiya ko hankaka daga baƙar takarda ya manna a kai. Almakashi mai kaifi shi ne duk abin da ake nema, kuma ba a zana ido ko baki, domin inuwar kaɗai ta fi tayar da tsikar jiki.

Firam ɗin da gilashinsa ya fashe ma yana da amfani wajen yin saƙar gizo-gizo. Ka kafa ƙananan ƙusoshi a bayansa, ka ja farin zaren ulu daga gefe zuwa gefe har layuka huɗu su gitta juna a wuri ɗaya, sannan ka bi su da zare kana zagayawa daga tsakiya zuwa waje, kana ƙullawa a kowane layi. Kada mahaɗar ta zauna a tsakiyar firam daidai, ka ɗan karkatar da ita zuwa kusurwa, don gizo-gizo ba ya saƙa da ma'auni. Wajen haskawa, yi amfani da kyandir mai batir, tun da busasshen ganye da takarda da ulu duk abincin wuta ne.

Ranar 1 ga Nuwamba sai ka buɗe bayan firam ɗin, ka zare kwalin jemagen, ka mayar da na ganyen, ka adana wancan a cikin babban ambulan a wurin da damshi ba ya kaiwa.