Yadda na sa aka gyara dutsen kantar kicin ɗinmu

Mako uku bayan an ɗora mana dutsen giranit a kantar kicin a gidanmu da ke Malali, sai na ga tsaga siririya kamar zare ta taso daga kusurwar ramin sinki. Da na haska ƙasan da tocila, na tarar babu abin da ya tokare dutsen, kuma an yanka kusurwar da kaifi maimakon a zagaye ta, alhali daga irin wannan wuri tsaga take farawa.

Na tura wa ɗan kwangilar hotuna ta WhatsApp, sannan na kira shi gaban kawuna, wanda shi ne shaidar cinikinmu. Da farko ya ɗora laifin a kan tukunya mai zafi, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai. Kawu ya ce, "Malam, sunkuya ka duba da idonka." Ya duba, ya yi shiru.

Da yake cikon kuɗinsa yana hannuna, washegari ya tokare dutsen da ƙarfe, ya cike tsagar da gam ɗin ifoksi gauraye da garin dutsen, ya goge. Sai bayan wata guda na biya shi.