Gwiwa ce ta bugu, amma ƙafa za a duba

Da Hausa duk jijiya muke cewa, ko mai ɗauke da jini ce ko mai kai saƙon ji da motsi. Daga nan ruɗanin yake farawa.

Ga ɗan mashin ya faɗi a Garwa ta Kamaru, gwiwa ta goce, aka ja ta koma, kowa ya ce an auna arziki. To, a bayan gwiwa akwai babbar jijiyar da ke kai jini ƙwauri da tafin ƙafa, kuma gocewar kan yaga ta ko ta toshe ta ba tare da ɗigon jini ya fito waje ba. Sai a taɓa ƙafar. Ta yi sanyi? Ta yi fari fat? A ɗora yatsu biyu a kan doron ƙafa, ko a bayan idon sawu ta ciki, a nemi bugun jini. In babu, asibiti kai tsaye, domin bayan kamar awa 6 nama yakan fara mutuwa. Ko da an ji bugun ma, likita ya gani.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗori mai tsauri. Ka shafa gefen gwiwarka ta waje, ƙasa kaɗan, za ka ji wani ɗan ƙashi ya turo. Jijiyar da ke ɗaga ƙafa sama ta nan ta zagaya, fata kawai ta rufe ta. Kara ko tsumma ya danne ta kwana biyu, sai ƙafa ta saki. Na ga yaron maƙwabta haka: karaya ta warke, amma yana jan silifa, sai ya ɗaga gwiwa sama kafin ya taka. Ba raina masu ɗori nake ba, sun san ƙashi. Amma in yatsu suka kumbura, suka mutu, ko ciwo ya ƙi lafawa, a kwance ɗaurin nan take. Dogon tsuguno da ɗora ƙafa kan ƙafa ma sukan danne wannan jijiyar ta gefen gwiwa.

Sai tausa. Mutum ya kwana zaune a mota daga Ngaundere zuwa Marwa, sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, sai a kawo man zafi a hau murzawa. Wataƙila jini ne ya daskare a ciki, kuma gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Kada a murza, kada a yi ƙaho, a kai shi a duba.