Kafin ku sayi firintar ofis

Jama'a, mai shirin sayen firinta don ƙaramin ofis, kada arhar firintar ta ruɗe shi. Ya fara tambayar kuɗin tona (garin da ake bugu da shi) ko tawada, kuma ana samunsu a Gusau ko sai an aika Kano?

In aikinku baƙi da fari ne, wasiƙu da rasit da takardun makaranta, ku ɗauki mai tona, irin HP LaserJet P1102. Tonarta 85A tana buga kusan shafi 1,600, ana kuma sake cika ta. Tona gari ce, ko ta yi wata a ajiye ba ta bushewa. Matsalar wannan firintar cin wuta: tana jan sama da watt 300 lokacin bugu, ƙaramar inbata sai ta hau kuka ta ɗauke.

Masu dogaro da sola, ko masu buga kala, Epson mai tankin tawada ta fi muku, wutar da take ci kaɗan ce. Amma da zafin nan namu, in kun bar ta zaune bakinta zai toshe, ku ga layi-layi a takarda. Ku riƙa buga ko shafi ɗaya duk mako.

Lokacin hunturu kuwa a rufe firinta da ƙyalle, ƙura na sa robar jan takarda santsi.