Fara da jabana: yadda ake saba wa zuciya da tunanin mutuwa

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, tsoron mutuwa ya hana mutane da yawa barci, har a gidajen Hausawan Gadarif da Mai Wurno. Masu falsafar Girka da Rum sun ɗauki wannan tsoro tamkar ɗanyen doki, wanda ake horarwa sannu a hankali.

Efiktetus, wanda ya taso yana bawa, ya ce a fara da ƙaramin abu, kamar tukunyar da kake ji da ita. A nan jabana, tukunyar yumɓu ta gahawa, ta isa. Da safe, kafin ka tsiyaya gahawa, riƙe ta a tafin hannu, ka ji ɗuminta, ka ce a ranka: "Yumɓu ce, tana iya fashewa yau." Ka yi mako guda a haka. Mako na biyu ka koma kan akuya ko buhun dawa, sai daga baya mutane, kai kanka a ƙarshe. Wanda ya fara da 'ya'yansa firgita zai yi, ya watsar tun ranar farko, domin zuciyar ba ta saba ba.

Gyara harshe kuma. Maimakon "na rasa", ce "na mayar". Al-Kindi, mai falsafa Balarabe a Bagadaza cikin ƙarni na 9, ya yi irin wannan bayani: abin da ke hannunmu aro ne, mai shi yana da ikon karɓa.

Seneka, wanda ya mutu a shekara ta 65, yakan bi diddigin yininsa kowane dare bayan an ɗauke fitila. Ware minti 10 bayan Isha'i, a zaune, ba a kwance kan angarib (gadon igiya) ba. A kwance tunani kan koma saƙe-saƙe. Ɗauki takarda ka amsa: wa nake bi, wa ke bina, ajiyar wa ke wurina, wa na ɓata wa? Wannan matakin ya fi sauran amfani, don sau da yawa abin da ke cin mutum shi ne lamurran da zai bari a warwatse. Zaɓi ɗaya ka warware shi gobe, ka kuma gaya wa amintacce inda takardar take.

Kada ka ɗora wa mai sabon rashi wannan horo. Idan kuma faɗuwar gaba da rashin barci suka wuce mako 2, dakata ka ga likita.