Yadda na ƙawata falona a Jidda da hotunan sararin samaniya

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa yarda a rataye hoton mai rai a gida ba, kuma a kan haka na tashi. Shi ya sa bangon falona ya yi shekaru fayau, har ranar da na ga hoton duniya da 'yan sama jannatin Apollo 17 suka ɗauka a watan Disamba na 1972. Ga Afirka shimfiɗe, ga Bahar Maliya kamar zare, ga ƙasar Larabawa daga sama. Inda kakanninmu suka taso da inda muke zaune, duk a hoto guda.

To, abin da zan fara ce maka: zaɓi hoto ɗaya babba wanda ke da ma'ana a wurinka, kada ka cika bango da ƙanana barkatai. In kana son launi, nemi na madubin hangen nesa James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, musamman gajimaren taurari na Carina mai ruwan ƙasa da shuɗi. A ɗakin yara kuwa na sa hoton tarin taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira Surayya, don yarana su san sunanta da harshen gida.

Hukumar NASA, mai binciken sararin samaniya ta Amurka, tana barin a sauke hotunanta kyauta a shafinta. Ɗauko mafi girma. In faɗin hoton zai kai santimita 60, nemi mai fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, 3,500 ko fiye a faɗinsa. Wanda aka turo ta WhatsApp ba zai yi ba, an riga an matse shi, taurarin za su fito dishi-dishi.

A wurin bugawa na yi asara. Na farko na sa an buga mini a takarda mai sheƙi, aka rufe da gilashi. Da aka kunna fitila, baƙin sararin ya koma madubi, sai fuskarka kake gani maimakon taurari. Ka ce wa mai shago takarda marar sheƙi kake so, kuma barwaz ɗin, wato firam, ya zama baƙi siriri, da farin gefe kamar faɗin yatsu uku.

Tsayi fa? Mu a ƙasa muke zama, jingine da matasai, don haka na sauko da hoton ƙasa da yadda aka saba, yadda mai shan shayi zai kalle shi ba sai ya ɗaga wuya ba. Bangon siminti ba ya karɓar ƙusa haka nan, sai an huda da na'ura, kuma in gidan haya ne, fara neman izinin mai gida. Kauce wa ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don yana ɗiga, ga laimar Jidda da ke sa takarda ta kumbura. Bangon alƙibla kuwa na bar shi wayam, kada ido ya tafi kallon taurari ana tsakiyar salla.