Yadda za ka kalli The Prestige a gida hoto tangaran

The Prestige ɗin Christopher Nolan da ya fito a 2006 ba fim ba ne da za ka kunna a waya kana cikin adaidaita, wallahi ɓata shi kawai za ka yi. Labarin 'yan dabo biyu ne a Landan ƙarshen ƙarni na 19, Hugh Jackman ya fito a Angier, Christian Bale kuma Borden, tare suka fara a ƙarƙashin ubangida ɗaya har ranar da matar Angier ta mutu a cikin tankin ruwa ana tsaka da wasa, daga nan gaba ta ƙullu kowa na neman ya gano sirrin ɗan'uwansa ya tona masa asiri gaban jama'a. Amsar kuma tana gabanka tun farko, a fuskoki da hannuwa da lungunan duhu, shi ya sa hoto mai dishi-dishi cutarka yake yi.

Ka fara da samun kwafi mai kyau. 1080p za ka nema, wato 1920 da 1080, ko faifan Blu-ray na asali ko ka biya ka kalla ta intanet in datarka za ta ɗauka. Fim ɗin awa 2 ne da minti 10, to duk wanda ya ba ka shi a 300MB ya ce HD ne kar ka yarda, an matse shi ne, kuma da an shiga bayan dandamali inda babu haske sosai za ka ga baƙin ya fashe ya koma bulo-bulo, fuskar mutum ta narke a ciki. In a filas za ka saka, ka sani filas mai tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayel da ya wuce 4GB.

Sai wayar haɗa talabijin. Wannan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba ta ɗaukar HD ko da talabijin ɗinka sabo ne dal, HDMI za ka saya, in a Kano kake a kasuwar Beirut ko Farm Centre, ka sa a gwada maka kafin ka bar shagon.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne saitin. Yawanci za ka tarar da talabijin a Vivid saboda ya ɗau ido a shago, ka mayar da shi Movie ko Cinema, da farko za ka ga kamar ya dushe amma ka ba idonka minti biyar. Sannan ka kashe abin nan mai sa motsi ya yi santsi, Samsung suna kiransa Auto Motion Plus ko Picture Clarity, LG kuma TruMotion, don hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa ɗaya shi kuma yana cusa nasa a tsakani sai fim ya koma kamar bidiyon biki. Baƙin layin sama da ƙasa ka bar shi don Allah, haka aka ɗauke shi da faɗi, in ka yi zum ka yanke gefe da gefe. Wurin da za ka san saitinka ya yi shi ne lokacin da Angier ya je Colorado Springs neman Nikola Tesla, wanda David Bowie ya fito a matsayinsa, ga fili cikin dare an dasa ƙwayayen lantarki a ƙasa duk sun kama, ya kamata ka ga kowane ƙwai daban, duhun da ke bayansu kuma baƙi ƙirin.

Bayan isha'i ya fi, ka ja labule ka kashe ƙwan ɗaki, ka goge ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle mai laushi. Ka duba mai a janareta ko cajin inbata tun da wuri, ka kuma kai janaretan nesa don maganganun a hankali ake yinsu. Ka kunna rubutun ƙasa.

Labarin gaba da baya yake tafiya, Angier da Borden kowannensu na karanta littafin sirrin ɗayan, in ka ɗaga waya minti biyu zaren ya kufce maka. Wanda ya taɓa gani ka roƙe shi ya yi shiru. Hulunan nan da aka zube a daji a farkon fim ɗin ka riƙe su a ranka, washegari ka sake kunnawa, wannan karon ka bar kallon dabon ka dinga duba waɗanda ke tsaye a gefe.